Alwalar Kawunku Bakur

Na san yadda ake ba ku labarin nan, domin ni ma an taɓa ba ni shi a gidan wani biki a unguwar Anbariyya nan Madina, mai bayarwar ba ta san da wadda take magana ba. Wai akwai shekarar da Maryam ta gidan Ranuna ta faɗi jarrabawa, ta dawo ta huce a kan ƙaninta marar lafiya, ta bar shi yana kuka cikin jiƙaƙƙiyar riga, har uwarsu ta yi watanni ba ta yi mata magana. Na bar matar ta kai aya, sannan na ce mata shayinta zai huce. Faɗuwa kam na faɗi. Kuka ma Bakur ya yi, Inna kuma ta yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Duk wannan gaskiya ne, sai dai an yanke wa labarin kai da ƙafa, kuma ba zan yarda in mutu in bar muku shi a haka ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Kuna ji sarai, da Larabci dai kuke amsa mini. Wanda karatun ya gagare shi ya nemi matan ɗaliban jami'a 'yan Kano su taimaka masa, ni ma a wurin irinsu na koya.

Lokacin na haura arba'in, na daɗe ina aikin jinya da difloma a ɗakin yara. Ba yabon kai ba, hannuna yana da sauri. Idan jijiyar jariri ta ɓuya ni ake kira, idan ana son a gyara gado a canja wa yaro kaya kafin likita ya shigo, ni ce. Da aka buɗe wa irinmu hanyar ƙarasa digiri, abin da ake kira tajsir, sai na ga a cikin ɓangarorin akwai na jinyar masu raunin ƙwaƙwalwa. Ko shawara ban tsaya yi ba. Na ce a raina, wa zai koya mini wannan? Ni da na tashi gida ɗaya da Bakur, na goye shi tun ban iya ɗaura zani da kyau ba. Na shiga aji da yara sa'o'in 'yata ta fari, suna ce mini Abla Maryam, wato babbar yaya, ina yi musu kallon waɗanda suka zo koyon abin da na riga na sani.

Ranar farko aka tara mu aka karanta mana ƙa'idojin ci gaba daga shekara zuwa shekara, ni kuwa rabin hankalina yana kan abin da zan dafa. Na dai ji cewa wanda fashinsa ya haura rubu'in darussa an hana shi shiga jarrabawa, wannan bai dame ni ba, ni ba mai fashi ba ce. Wadda ban saurara da kyau ba ita ce ta kama ni. Makin rubutu dabam, makin aikin hannu dabam, kuma ɗaya ba ya ceton ɗaya. Ko ka cinye takarda duka, idan malama ta tsaya a kanka a cibiyar da ake horo ta ce aikinka bai yi ba, ba ka shiga shekarar ƙarshe. Ana ba ka dama ta biyu a ƙarshen zango na gaba. Idan ka sake faɗuwa, shi ke nan, ka bar ɓangaren, ka koma inda ka fito da takardar da ka zo da ita. Akwai wata 'yar ƙofa da suka bari: wanda ya faɗi karon farko yana iya neman a mai da shi ɓangaren jinya na kowa da kowa, amma sai kafin ya shiga gwaji na biyu. Bayan nan ƙofar a rufe take.

Kafin in kai ku ɗakin gwajin, sai kun san gidanmu na lokacin, domin wasunku ba su yi wayo ba. Inna da Bakur suna ƙasa, mu muna sama, babanku Usman yana aiki a matatar mai ta garin Yanbu, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Bakur ya kusa arba'in, amma a gida ba a taɓa barinsa ya ɗaga cokali ba. Na Allah ne, haka kowa ke cewa, kuma a wurinmu na Allah ba ya wahala. Mai shago ya ba shi alewa ya ce ya sa masa albarka, tsofaffi su shafa kansa su shafa fuskarsu. Inna ke ba shi abinci a baki, ita ke sa masa riga, amma abin da ta fi riƙewa da hannu biyu shi ne alwalarsa. Sau biyar a yini za ta zaunar da shi a 'yar kujera bakin famfon tsakar gida, ta ɗauki buta, ta wanke masa hannu, ta zuba masa ruwa a baki, ta bi shi gaɓa gaɓa har ƙafar hagu, sannan ta goge masa fuska da wani koren tawul da ba mai taɓawa sai ita. Gwiwoyinta sun riga sun fara ciwo, sai ta dafa bango take miƙewa, amma ko Yaya Haruna, babbanmu, bai isa ya karɓe ta ba. Ta Asabar kuwa ta fi kowace girma. Kun san abin da duk mutumin Madina ya sani game da wanda ya yi tsarki a gidansa ya taka zuwa masallacin Ƙuba ya yi salla, cewa yana da lada irin ta umra. Kowace Asabar da hantsi Inna za ta yi masa alwala a tsanake, ta fesa masa turare, Yaya Haruna ya riƙe hannunsa su tafi. Ita ba ta cika zuwa ba saboda ƙafa. Takan ce ladar Bakur tana biyo ruwan butar ta dawo mata.

A irin wannan gidan aka horar da hannuna. Shi ya sa ranar gwajin farko na shiga cibiyar da ƙarfin gwiwa. A sashen mata aka haɗa ni da wata baiwar Allah mai suna Salha, 'yar kimanin talatin, mai yawan dariya. Aikin shi ne in tallafa mata ta shirya da safe ta karya kumallo. Malamar da za ta duba ni, Ustaza Nawal, wata siririya ce da ba ta ɗaga murya, ta ja kujera gefe ta zauna. Na wanke wa Salha fuska, na taje mata kai na kama shi tsaf, na sa mata riga na jera maɓallai, na yayyanka gurasar tamis, na ba ta dafaffen waken ful a baki ko ɗigo bai sauka a ƙirjinta ba. Na gama da sauran lokaci mai yawa. Salha ta kama hannuna ta sumbata. Na juya ina jiran yabo.

Ustaza Nawal ta ce, "Abla Maryam, tambaya ɗaya. Me Salha ta yi da kanta yau?"

Na lalube a raina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta haɗiye."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ta daɗe tana koyon sa maɓallin rigarta. Ta iya na sama, kuma tana alfahari da su. Yau ta ɗaga hannu za ta sa, kin riga ta. Ba ki ma gani ba."

Na ce, "Ustaza, ai tausayi ne."

Ta ce, "Na sani. A takarda ke ce ta ɗaya a ajin nan, kin rubuta mini shafi guda a kan barin mutum ya yi abin da zai iya. Kanki ya karanta, hannunki bai karanta ba. Mu haɗu ƙarshen zango mai zuwa."

Raina ya ɓaci sosai, kuma kunya ta fi ɓacin ran yawa. Yaran da nake yi wa kallon ba su san komai ba duk sun wuce, Abla Maryam ce ta faɗi. A mota ina ta faɗa da matar nan a zuciyata. Da babanku ya zo ƙarshen mako na zayyana masa, ya saurara har na gama, shi dai kun san shi, ba ya son abin da zai tayar da ƙura.

Ya ce, "Maryam, ki nemi canjin nan tun ƙofa tana buɗe. Shahada shahada ce, digirin duk ɗaya ne. A ɓangaren gama-gari ido rufe za ki wuce. Idan kika sake faɗuwa fa? Ki koma ɗakin yara, 'yan bayanki suna shugabantarki?"

Na ce masa zan duba. Gaskiya ya faɗa, kuma har na karɓo takardar neman canjin. Abin da ya hana ni cike ta shi ne tambayar matar nan ta biyo ni gida ta ƙi tafiya. Da la'asar na tsaya a kan matakala ina kallon Inna tana durƙushe gaban Bakur, tana cije leɓe saboda gwiwa, shi kuma ya miƙa ƙafa yana kallon tantabaru a kan katanga. Na tambayi kaina, me Bakur ya yi da kansa yau? Jiya fa? Na koma baya har iya inda tunanina ya kai, ban sami komai ba. Mutum mai hannu biyu lafiyayyu, wanda ya san sunan kowa a unguwa, ya san motar Yaya Haruna da ƙararta tun daga bakin titi. A nan na yanke cewa ba zan canja ba. Na kuma san cewa idan zan karya al'adar hannuna, a inda ya koye ta zan karya ta.

Na sami Inna tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, ki ba ni aron alwalar Bakur ta la'asar zuwa ƙarshen zango."

Ta ɗago ta dube ni. "Aron alwala? Tukunya ce?"

"Gwiwarki za ta huta, ni kuma ina da abin da nake son koya."

Ta ce, "Ɗayyib, na yarda, na ba ki la'asar. Amma ki kula da bayan kunnensa, ke gaggawa gare ki."

Ita a zatonta wanke shi zan yi a madadinta. An koya mana cewa aiki mai jerin matakai daga ƙarshe ake fara koyar da shi, don mutum ya ɗanɗani daɗin gamawa. Saboda haka na yi masa komai kamar yadda Inna ke yi, da muka zo ƙafar hagu sai na ajiye butar a gabansa na naɗe hannu. Ya miƙo ƙafar yana jira. Da ya ji shiru ya dube ni.

"Yaya, ƙafa."

"Ga buta, ga ƙafa, Bakur. Yalla, maza, kai za ka wanke."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ban motsa ba, ya ɗauki butar da hannu biyu ya juye ta gaba ɗaya a cinyarsa. Farar rigarsa ta jiƙe sharkaf, sanyin ruwan ya firgita shi, ya fashe da kuka yana kiran Inna. Ban san tsohuwar nan tana da sauran gudu ba sai ranar.

"Haramun alaiki, Mairo! Me ya yi miki? Wannan bawan Allah an ɗauke masa alƙalami tun ranar da na haife shi. Ko bai yi salla ba, ba mai tambayarsa. Ni za a tambaya. Ke kin faɗi a makaranta, shi ne za ki mai da mini yaro allon karatunki?"

Maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a ciki. Jarrabawa ce ta kawo ni bakin famfon nan, ban taɓa musun wannan ba. Amma abin da na gani a kan matakala ya fi jarrabawa, kuma ni 'yar Inna ce, bakina irin nata ne.

Na ce, "Inna, ranar da ba kya nan fa? Wa zai wanke masa?"

Har Bakur ya daina kuka. Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Kin fara ƙirga mini kwana ke nan. Halas, magana ta ƙare. Na ce na ba ki la'asar, ba zan lashe amaina ba. Ki yi yadda kika ga dama."

Daga ranar ta ɗauke mini wuta. Idan na gaishe ta takan amsa da kalma ɗaya, idan tana da saƙo sai ta ba ɗayanku ya kawo mini sama. Maƙwabta sun ji ihun ta katanga, daga nan labarin da kuka sani ya samo asali. Yaya Haruna ya ce shi ba ruwansa, tsakanin uwa da 'ya ne. Na ji zafin fushin nan fiye da yadda na nuna, sau da yawa a cikin motar makaranta nake share hawaye ƙarƙashin niƙabi. Amma kowace la'asar ina bakin famfo.

Makonnin farko babu abin da ya tafi daidai, kuma matsalar ba Bakur ba ne, ni ce. Da na ga butar ta karkace sai hannuna ya kai kafin in ankara. Na zauna a kan tafukana, na riƙe su ta baya, duk a banza. Shi kuma idan na kafa masa ido sai ya rikice ya ajiye komai. Wata rana na dawo a makare ban yi tawa sallar ba, sai na ɗauko buta ta biyu na zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, na shiga yin tawa alwalar. Ban ce masa komai ba, ban ma dube shi ba. Da na kai ƙafa sai na ji ƙarar ruwa a gefena. Na saci kallo, ga Bakur ya sunkuya, yana leƙen hannuna ta wutsiyar ido, yana cuɗa yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake yi. Ashe shi ba ya son a tsaya a kansa, ni kuma hannuna ba ya zama sai an ba shi aiki. Buta ta biyu ta raba mana gardama.

Daga nan muka riƙa ja da baya a hankali. Ƙafa ɗaya ta zama biyu, aka ƙara kunne, aka ƙara shafar kai. Kurkure baki ya ba mu wahala, ya daɗe yana shanye ruwan yana ce mini akwai daɗi. Wani lokaci ya wanke fuska kafin hanci, wani lokaci ya manta gwiwar hannu. Na aika Yaya Haruna ya tambayi limamin unguwa ko hakan da laifi, liman ya ce a gaya mini Allah ya fi mu sanin Bakur. Duk wannan a la'asar kaɗai ake yi. Sauran salloli Inna ce, kuma ni ban taɓa sa baki ba.

Wata Asabar, gwajina na biyu ya matso, ina saukowa daga sama na hango su bakin famfo. Inna ta yi masa har shafar kai, ta dafa bango ta sunkuya za ta kama ƙafarsa. Bakur ya sa hannu ya ture nata a hankali.

"La, a'a, Inna. Ni."

Ya karɓi butar ya wanke dama, ya wanke hagu, ya miƙe yana washe baki. Da Yaya Haruna ya zo suka fita, ina jin muryarsa a titi yana gaya wa mai shago, wanda yake kira Ammi, wato baffa, "Ammi, ni na wanke! Ni na wanke!" Inna tana nan zaune inda ya bar ta, hannunta a kan cinya, hawaye yana bin fuskarta. Ni da na yi zaton ranar da ta ga haka za ta yi murna. Na sauko zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Abu ɗaya nake da shi da zan kai gaban Allah, kin raba ni da shi."

Har yau ban manta fuskarta ta ranar ba. Amma da za a mai da ni bakin famfon nan, abin da na yi shi zan sake yi. Safiyar gwaji na shiga ɗakinta na durƙusa na ce ta yi mini addu'a. Duk jarrabawar da na taɓa yi tun ina firamare, sai ta ɗora hannu a kaina. Ranar ba ta ɗora ba. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ci gaba da jan carbinta.

A cibiyar, Salha ce dai, kuma Ustaza Nawal ce a kan kujerarta. Kafin mu fara na roƙa a ƙaro mini faranti da kofi. Ustaza ta ɗan ɗaga gira, amma ta sa aka kawo. Da aka zo sa riga, na ɓalle maɓallan farar rigar aikina, na zauna a gefen Salha, na fara mai da su sannu a hankali kamar mai ciwon yatsa. Ta tsaya da rigarta a buɗe tana jirana, domin ba ta manta da mai saurin hannun nan ba.

Ta ce da Larabci, "Yi mini."

Na ce, "Ni ma da nawa nake fama, ya Salha. Duba wannan, ya ƙi shiga."

Ta leƙo, ta yi mini dariya, ta kama nata. Ta daɗe a kan na farko. Ta sa shi a ramin da ba nasa ba, sauran duk suka bi shi a karkace. Yatsuna suna ƙaiƙayi, na ba su maɓallina suka yi ta juyawa. Wajen karin kumallo na yagi tamis ɗina, ta yagi nata, na dangwali ful, ta dangwala, rabi a baki rabi a haɓa. Wuri ɗaya na sa hannu, da ta ɗauki butar shayi mai zafi na tallafe gindinta, ita ta tsiyaya. Shayin ya cika kofi ya malala a faranti. Lokaci ya kusa ƙarewa, tebur ya yi kaca-kaca, na ce a raina yau kam idan tsabta ake dubawa na tafi.

Ustaza Nawal ta rufe alƙalaminta ta ce, "Me Salha ta yi da kanta yau?"

Na fara lissafa mata, ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Rigarta a karkace take."

Na ce, "Ita ta sa."

Ta ce, "Na gani. Ki je ki yi rajistar shekarar ƙarshe."

Iyakar yabon da na taɓa samu daga matar nan ke nan, kuma ya ishe ni. Bayan shekaru ni ma na zauna a irin kujerarta, na kuma kayar da yara masu kirki masu saurin hannu da wannan tambayar. Da yawansu 'ya'yan unguwanninmu ne, ina ganin yadda suke karɓe cokali na san irin gidan da suka fito.

Inna ba ta ce mini barka ba. Sai dai da yamma aka hawo mini da kwanon waina, wadda ba ta yi sai da dalili. Bayan 'yan kwanaki, ina zaune da Bakur da butocinmu biyu, sai ga ta ta fito da koren tawul ɗinta a kafaɗa, ta ja kujera ta zauna. Ta kalle shi har ya gama, ba ta sa hannu ba, ko da yake na ga yatsunta suna motsi a kan cinya.

Ta ce, "Fuska dai ni zan goge. Ko ita ma makarantarku ta hana?"

Na ce, "Ba ta hana ba, Inna."

Sulhunmu ke nan. A hankali ta sakar masa sauran sallolin, har ta Asabar, ita dai a bar mata tawul. Zai gama, ya juya inda take, ya miƙa mata fuska ido a rufe. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma tsakanina da ita bai koma yadda yake da ba. A da ni take fara gaya wa damuwarta, daga shekarar nan sai matar Yaya Haruna ta riga ni ji. Wannan shi ne kuɗin da na biya, na kuma biya shi ina sane.

Ta yi shekaru masu dama bayan haka. Ranar da ta rasu, manyanku kuna nan, amma kuna waje tare da baƙi, ba ku ga abin da na gani ba. An gama yi mata wanka, maza suna shirin kai ta Harami a yi mata salla bayan la'asar a wuce da ita maƙabartar Baƙi'a. Gida ya cika, kowa ya manta da Bakur. Sai Yaya Haruna ya shigo da sauri yana naɗe hannun riga, ya ce mini, "Ina Bakur? Bari in yi masa alwala mu tafi, lokaci ya ƙure."

Na nuna masa bakin famfo. Bakur yana kan 'yar kujerarsa shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. Ya riga ya kai shafar kai. Muka tsaya muna kallo ya wanke dama, ya wanke hagu, yana cuɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye butar, ya juya wajen kujerar Inna, ya rufe ido ya miƙa fuska. Koren tawul ɗin yana rataye a ƙusa kusa da ni, hannuna har ya tashi, na mai da shi. Ya jima a haka, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sannan ya buɗe ido ya dubi kujerar. Ya miƙe, ya zo ya zare tawul ɗin daga ƙusa, ya goge fuskarsa, ya mai da shi inda yake. Ya kama hannun Yaya Haruna.

Ya ce, "Yalla, Yaya. Kar mu bar Inna tana jira."